Tsawon Takobin Injin Yankan Itace da Saurin Yanka: Yadda Ake Zaɓe da Yadda Ake Gwadawa

Idan mai injin yankan itace ya shiga shagon kayan gyara a Birnin Kebbi ko Jega ko Zuru don sayen ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a jikinsa, yawanci wanda ya fi tsawo yake fara nema. A tunaninsa dogon ƙarfe shi ne babban inji, babban inji kuma shi ne saurin aiki. Sai ya ɗaura mai inci 24 a kan injin da aka ƙera don inci 18, ya nufi gona, inji ya riƙa kakarewa a cikin gungume, fetur na ƙonewa, aiki ya ƙi gaba. Daga nan sai a hau zargin kafireta ko fulogi, alhali matsalar tana gaban injin.

Ƙarfen nan mai faɗi da sarƙa ke zagayawa a jikinsa, a nan za mu riƙa kiransa takobi saboda siffarsa. Tsawon da ake rubutawa a kwali ba na ƙarfen gaba ɗaya ba ne, na abin da ya fito ne daga jikin inji zuwa hanci, wato iyakar abin da ke iya shiga itace.

Gudun sarƙa ba daga takobi yake ba

Abu uku ne ke yanke gudun sarƙa: yawan juyin inji a minti, yawan haƙoran sifiroket ɗin da ke jan sarƙar, da tazarar gaɓoɓinta. Ɗauki sarƙa mai tazarar 3/8 na inci a kan sifiroket mai haƙora 7. Duk juyi ɗaya yana jan kusan milimita 133 na sarƙa. Idan inji yana juyi 9,000 a minti, sarƙa tana cin mita 1,200 a minti ke nan, wato mita 20 a daƙiƙa. Stihl 070, wanda masu tsaga katako suka fi sani, ba ya juyi da sauri haka. Da sarƙar .404 da haƙora 7, a juyi 7,000, gudunsa wajen mita 17 ne a daƙiƙa, amma yana da ƙarfin jan da ba ya saurin karaya.

Ka lura, tsawon takobi bai shigo cikin lissafin ba ko kaɗan. Ko inci 16 ne ko 36, muddin inji ya riƙe juyinsa, haƙoran sarƙa da gudu ɗaya suke ratsa itace. Dogon takobi ba ya ƙara gudu. Abin da yake yi shi ne ya ɗora wa inji kayan da za su hana shi riƙe juyin.

Inda tsawo ke cin ƙarfi

Babban wurin shi ne yawan haƙoran da ke cikin itace a lokaci ɗaya. A sarƙar 3/8 ta yau da kullum, tsakanin haƙori da haƙori milimita 38 ne. Gungume mai faɗin santimita 30 yana ɗaukar haƙora 8 a tsakiyarsa, mai santimita 60 yana ɗaukar 16, mai 90 kuma kusan 24. Inji kamar Stihl MS 381 yana da cc 72 (cc ma'aunin girman inji ne) da ƙarfin kilowat 3.9. Raba wannan ƙarfi wa haƙora 8, kowanne ya samu kusan rabin kilowat. Raba wa 16, rabon kowa ya koma rabin haka. Tuwo ɗaya ne, masu ci ne suka ƙaru. Da zarar haƙoran sun fi ƙarfin inji, juyi ya sauka, kuloci ya fara santsi yana zafi, sarƙa ta tsaya cak a cikin itace.

Wannan ne ke ruɗa mutane da yawa. Suna ganin dogon takobi yana jinkiri, alhali katon itacen da ya ba su damar shiga ne ya kawo yawancin jinkirin. Idan faɗin gungume ya ninka biyu, fuskar da za a yanke ta ninka huɗu: mai santimita 30 fuskarsa kusan murabba'in santimita 700 ce, mai 60 kuwa ta haura 2,800. Ko da inji bai kakare ba, lokacin zai ninka huɗu, in ya kakare kuma ya wuce haka.

To, in gungumen ɗaya ne, takobi ne kawai aka canja? A nan ma gajere ya fi sauri, sai dai bambancin bai kai na farko ba. Doguwar sarƙa ta fi nauyi, kuma tana gogar kwarmin takobi a tsawo mai yawa sama da ƙasa, don haka wani kaso na ƙarfin inji yana tafiya a zafi tun kafin haƙori ya taɓa itace. A babban inji da kyar za ka ji shi. A ƙaramin inji mai cc 40 ko 50, wanda dama ƙarfinsa a ƙididdige yake, kunne ma yana jin yadda muryar ke dusashewa.

Sai mai. Famfon man sarƙa yana zuba adadin da aka ƙera shi a kai, kuma man dole ya bi kwarmi har hanci ya zagayo ƙasa, inda yanka yake. Famfon ƙaramin inji ba ya iya ƙosar da dogon takobi, sai ƙasan ya bushe, ƙarfe ya ci ƙarfe, gefen takobi ya yi shuɗi. A zafin Maris da Afrilu na Kebbi mai yana tsinkewa kamar ruwa, yana fantsamewa a hanci kafin ya zagayo, abin ya ƙara muni.

Akwai kuma ɓarɓashi. Kowane haƙori yana ɗauke da abin da ya yanko har ya fita daga itacen. A faffaɗan gungume gurbin da ke tsakanin haƙora yana cika tun kafin a kai ƙarshe, sai sarƙa ta riƙa shawagi a kan dusar da ta tara maimakon ta ciji sabon itace.

Na ƙarshe jikin mai aiki ne. Dogon takobi yana rinjayar inji gaba, wuyan hannu da baya su ke biyan kuɗin. Wasa haƙora ma lokaci ne: sarƙar inci 20 mai ƙafafu 72, wato 'yan ƙarafan ƙasanta da ke bin kwarmin takobi, haƙoranta 36 ne, ta inci 36 mai ƙafafu 114 haƙoranta 57. In kana yi wa kowane haƙori shafa uku da magagari, 108 ke nan a ɗaya, 171 a ɗayan, kuma a wuni sau da yawa za ka zauna yi.

Mataki na farko: auna itacen da kake yanka kullum

Ba babbar bishiyar da ka taɓa karo da ita sau ɗaya za ka auna ba. Zagaya gungume da tef ko igiya, ka raba abin da ka samu da 3.14, faɗin ke nan. Kewaye santimita 125 faɗin 40 ne, wato inci 16. Ka yi wa gumagumai goma haka a irin aikin da ka saba. Takobin da ya ɗara yawancinsu da kamar santimita 5 shi ne naka. Mai sassabe rassan dogon yaro da mangwaro a cikin gari, ko mai yanka turare da malaina don dirkoki da itacen girki, da wuya ya bukaci abin da ya wuce inci 16 zuwa 18.

Kada katon gungume ɗaya ya sa ka sayi dogo. Takobi yana iya raba itacen da ya kusa ninka tsawonsa biyu in aka yanka ta gefe ɗaya aka zagaya ɗaya gefen. Inci 20 zai gama da gungume mai inci 34 ko 36, illa dai ka kula yankan biyu su haɗu.

Mataki na biyu: san girman injinka

Ga ma'aunin da masu aiki suka daɗe suna bi. Inji mai cc 30 zuwa 40, irin MS 180, inci 12 zuwa 16. Mai cc 40 zuwa 50, irin MS 250, inci 16 zuwa 18. Mai cc 50 zuwa 60, inci 18 zuwa 20. Mai cc 65 zuwa 75, irin MS 381 da MS 382 da Husqvarna 272XP, inci 20 zuwa 25. Daga cc 90 zuwa sama, irin MS 660 da 070 mai cc 106, su ne na inci 28 zuwa 36.

Wannan ma'auni kuma yana da sharaɗi. Itatuwanmu masu tauri ne. Kirya da marke da kawo da tsamiya ba sa yi wa haƙori sassauci, balle in sun bushe. A irinsu ka tsaya a ƙasan ma'aunin: mai cc 72 ya riƙe inci 20, ba 25 ba. A ɗanyen malaina ko rimi kana iya hawa sama. Injinan China masu lamba 5200 da 5800 sau da yawa ana sayar da su da takobin inci 20 ko 22, amma a busasshen marke za su fi sakewa da inci 16 ko 18, kuma za su fi daɗewa.

Mataki na uku: karanta gindin takobi

A wutsiyar takobi, inda yake shiga jikin inji, akwai lambobi a buge. Uku ne suka shafe ka. Tazarar sarƙa: .325 ko 3/8 ko .404, kuma dole ta yi daidai da ta sifiroket da ta ɗan gargaren da ke hanci. Faɗin kwarmi: milimita 1.3 ko 1.5 ko 1.6, dole ya yi daidai da kaurin ƙafafun sarƙa. Sai yawan ƙafafun: a 3/8, inci 16 yawanci 60 ne, inci 20 kuma 72, inci 24 ko 25 kuma 84. Sarƙa mai ƙafa 1.5 a cikin kwarmin 1.6 za ta riƙa kwanciya gefe, yanka ya karkace. Ka kuma duba ramukan ɗauri da ƙofar mai, domin takobin Stihl ba ya zama a kan Husqvarna kai tsaye. In ƙofar mai ba ta hau kan ta inji ba, man zai bi jikin inji ya zube ƙasa. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka tafi shago da tsohon takobin a hannu.

Mataki na huɗu: zaɓi sarƙar da ta dace da ƙasarmu

Haƙora iri biyu ne. Mai kusurwa a tsaye ya fi sauri a tsaftataccen itace, amma tsininsa siriri ne, yashi kaɗan ya dakushe shi. Mai zagayayyiyar kusurwa ya ɗan fi jinkiri, sai dai yana riƙe kaifi. A wajenmu ɓawon bishiya cike yake da ƙurar hunturu, gindinta kuma gara ta yi masa yaɓe da ƙasa, gungumen da ya kwana a fadamar Argungu ko bakin Neja a Yauri yana tashi da yashi a jiki. Mai zagayayyiyar kusurwa ya fi amfani a nan nesa ba kusa ba. Kafin ka sa inji, ɗauki gatari ko adda ka ɓare ɓawo da ƙasar gara a layin da za ka yanka. Minti biyu ne, amma suna ceton zaman wasa haƙora guda.

Mataki na biyar: wasa da ɗauri

Gaskiyar magana, dakusasshiyar sarƙa a kan gajeren takobi ba za ta kamo mai kaifi a kan dogo ba. Duk maganar tsawo tana bayan kaifi ne. Magagari zagayayye mai milimita 4.8 na .325 ne, 5.2 ko 5.5 na 3/8 gwargwadon kamfanin sarƙar, 5.5 na .404. Kusurwar yankan gicciye digiri 30 ce. Tura magagari daga ciki zuwa waje kawai, ka ɗaga shi in za ka dawo, ka yi wa kowane haƙori shafa daidai da ɗan'uwansa. In haƙoran dama sun fi na hagu tsawo, takobi zai riƙa lanƙwasa a cikin itace, kuma dogo ya fi nuna wannan aibi domin karkatar tana ƙaruwa da zurfi.

A gaban kowane haƙori akwai ɗan tudu da ke iyakance zurfin cizo. Ya kamata ya gaza bakin haƙori da milimita 0.65 a .325 da 3/8, da 0.8 a .404. Da yawa suna goge shi fiye da kima wai don inji ya ci da sauri. A gajeren takobi kan babban inji ana iya sha da wannan, amma a dogo kowane haƙori cikin 16 ko 20 yana cizon abin da ya fi bakinsa, inji ya shaƙe, girgiza ta ƙaru, haɗarin harbi, wato inji ya fizgo sama zuwa ga mai riƙe da shi, ya hau. In kuma ba a taɓa rage tudun ba bayan wasa da yawa, haƙori ba ya kai wa itace, sai gari ya riƙa fita.

Wajen ɗauri, sassauta notuna biyun, ɗaga hancin takobi da hannu, juya sukurun ɗauri har sarƙa ta manne da ƙasan takobi amma tana jawuwa da hannu, sannan ka ƙulle notunan hancin yana ɗage. Ka sa safar hannu, inji a kashe. Doguwar sarƙa ta fi miƙewa in ta yi zafi, don haka ka duba ta duk lokacin da ka zuba fetur, sabuwa kuma bayan 'yan mintocin farko. In an tashi aiki ka ɗan sassauta ta, domin tana tsukewa in ta huce, ta ja wuyan inji ta lalata boris. Duk wasa ka juya takobin sama ya koma ƙasa don ya ci daidai, ka kuma ƙwaƙule kwarmi da ƙofar mai.

Mataki na shida: tabbatar mai yana kai wa hanci

Kunna inji, nuna hanci ga kututture ko kwali da tazarar kamar taƙi ɗaya ba tare da ya taɓa ba, ka ba shi wuta rabi. Cikin 'yan daƙiƙu ya kamata layin mai ya bayyana. In injinka yana da sukurun daidaita famfo a ƙasa, buɗe shi sosai duk lokacin da ka hau dogon takobi. Tankin mai ya kamata ya kusa ƙarewa tare da na fetur, da ɗan saura. In fetur ya ƙare mai yana nan fal, akwai toshewa. A 070 akwai famfon hannu da ake dannawa da babban yatsa, ka riƙa amfani da shi in takobi ya nutse.

Kowa ya san ƙonannen baƙin mai na mota ake zubawa saboda araha. Yana ɗauke da garin ƙarfe da ke cin famfo da kwarmi, ba shi da danƙon da zai riƙe sarƙa har ta zagayo, kuma feshinsa ba shi da kyau ga fata da huhu. In man sarƙa na ainihi ya yi wuya, sabon baƙin mai mai kauri ya fi shi. Haɗin fetur kuwa, injinan zamani na Stihl da Husqvarna kashi 50 ne da 1 in man haɗin mai kyau ne, wato mililita 20 a lita ɗaya, 100 a lita 5. Yawancin na China suna rubuta 25 da 1, mililita 40 a lita. Bi abin da ke littafin injinka.

Mataki na bakwai: gwada da agogon waya

Kada ka ɗauki maganar kowa, har da wannan, sai ka gani. Samu gungume ɗaya mai faɗi iri ɗaya, marar kulli, ka ɗora shi a kan wasu itatuwa kada sarƙa ta taɓa ƙasa. Wasa sarƙoƙin biyu sabon wasa. Bari inji ya ɗumama. Yanke faifai uku da gajeren takobi, wani yana riƙe da waya yana ƙirga daga taɓa ɓawo zuwa faɗuwar faifai. Canja takobi ka sake uku a kusa da wurin, ka ɗauki matsakaicin kowanne. Kada ka danna, ka bar nauyin inji da kaifi su yi aiki, muryar tana sama. Sannan ka maimaita a kan gungumen da ya kusa cinye dogon takobin. A nan za ka ji inda injinka ya tsaya: in sai ka riƙa ɗaga shi don ya farfaɗo, takobin ya fi ƙarfinsa.

In dole sai da dogo

Wani lokaci katon maɗaci ko maje ne iska ta kayar a kan hanya ko katanga, inji kuma matsakaici ne. Nemi sarƙa mai tsallake, wadda haƙoranta suka ragu da kashi ɗaya cikin uku. Inda ta yau da kullum ke sa haƙora 18 a itace, ita 12 take sawa, kuma gurbin kwashe ɓarɓashi ya fi faɗi. Amfaninta yana farawa ne daga wajen inci 24 ko 28, a ƙananan rassa kuwa fizga take yi. Tsaya a sifiroket mai haƙora 7. Mai 8 yana ƙara gudu da kusan kashi 14 cikin 100 amma yana rage ƙarfin ja kusan haka, don haka na gajeren takobi ne a kan ƙaƙƙarfan inji. Kafa faratan ƙarfen da ke gaban inji a jikin gungume, ka riƙa juya takobi a kansu kamar madogara, yadda ba dukkan tsawon ke cizo a lokaci ɗaya ba. Buga weji na itace ko roba a cikin tsagar kada gungume ya matse takobi.

Tsaga falanki wani babi ne

Masu fitar da tu-bai-fo da falanki a yankin Zuru da Danko-Wasagu suna da hujjar riƙe 070 da inci 36. Yanka tare da tsawon gungume ya fi na gicciye jinkiri ƙwarai, yana neman ƙarfin ja, kuma tsawon takobi yana taimakawa wajen bin layin da aka buga da igiya. Haƙoran wannan aiki digiri 10 ake wasa su, ba 30 ba, sai fuskar katako ta fi sumul. Amma 070 ya haura kilo 10 kafin a ɗaura takobi da zuba mai, inda MS 381 yake wajen kilo 6 da rabi. Wanda ya gama tsaga ya ci gaba da daddatsa rassa da wannan katon yana wahalar da kansa ne a banza. Giginya kuma a kula da ita: baƙin gefenta yana cinye kaifi nan da nan, jiƙaƙƙen cikinta yana toshe murfin kuloci, ruwanta yana cin jikin inji in ba a wanke ba a ranar.

Kafin a taɓa tsayayyiyar bishiya a nemi izinin malaman daji. Madobiya tana cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta sa wa ido tun 2017 saboda yadda aka yi mata ɗibar karan mahaukaciya, ɗorawa da kaɗanya kuwa amfaninsu a tsaye ya fi na katakonsu.

Harbi

Kashi ɗaya cikin huɗu na saman hancin takobi shi ne wurin haɗari. In ya taɓa reshe ko dutse ko wani gungume a baya, inji yana harbowa sama zuwa fuska kafin hannu ya ankara. Da dogon takobi hancin yana nesa da ido, sau da yawa ya ɓulle bayan gungume inda ba ka gani, ko ya soki ƙasa ya dakushe haƙora gaba ɗaya. Yawancin 070 da ke hannun mutane ba su da birkin sarƙa. Riƙe da hannu biyu, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙi, tsaya a gefen layin yanka, kada ka yanka sama da kafaɗa. Babbar riga da rawani da silifa ba na wannan aiki ba ne. Sa takalmi mai rufi, tabarau da toshin kunne, domin ƙarar ta haura desibel 100.

Alamun da za ka riƙa karantawa a bakin aiki: manyan ɓarɓashi na nufin komai lafiya, gari mai laushi kuwa kaifi ya tafi ko tudun gaban haƙori ya yi tsawo. Hayaƙi daga tsaga mai ne bai isa ba. Kwanon kuloci da ya yi shuɗi shaida ce an daɗe ana shaƙe inji. Yanka mai lanƙwasa haƙora ne ba daidai ba, ko leɓen kwarmi ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, sai a daidaita su da shimfiɗaɗɗen magagari. Sifiroket kuma a canja shi bayan sarƙa biyu, ko da zarar sawun da ke jikinsa ya kai zurfin rabin milimita, domin tsoho yana lalata sabuwar sarƙa cikin 'yan kwanaki.